Wutar rukunin A ta yi tsada: in zauna a kanta ko in koma janareta?

Wani mai injin casar shinkafa a Dakace, nan Zariya, ya aiko da tambaya. Ya ce tun da aka mayar da layinsu rukunin A, wato layukan da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa a farashi mafi tsada, kuɗin wutarsa ya ninka har sau uku, ga shi kuma yana jin ana sayar wa Nijar da Benin wuta alhali ta gida ba ta isa ba. Yana so ya sani: wannan cinikin ne ya jawo tsadar? Kuma ya haƙura da wutar kamfani ya koma man gas ɗungurungum, ko kuwa?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka yanke wutar nan tukuna. Mu fara da lissafi, don shi ne zai raba gardama.

A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit, a watan Mayu aka sauko da shi 206.80, a Yuli ya koma 209.50. Ka duba rasitinka don ganin na yau, ka kuma tuna akwai harajin kashi 7.5 a kai. Mu ɗauka da haraji yunit ya tsaya maka a naira 225. Idan motocin lantarkin da ke juya injinka gaba ɗaya suna jan yunit 24 a awa, aikin awa takwas yunit 192 ke nan, wato naira 43,200 a yini. Janareta mai lafiya kuwa yunit uku zuwa uku da rabi yake ba ka a litar man gas, in ya tsufa ko kayan da ke kansa ba su kai rabin ƙarfinsa ba, ko ukun ba zai kai ba. A yunit uku, aikin nan zai sha lita 64. In lita tana naira 1,200, ka kashe 76,800, ba a sa baƙin mai da filta da kuɗin makanike ba. In buhu 40 kake casawa a yini, wutar kamfani ta ci naira 1,080 a buhu, janareta 1,920. Ka sa naka alƙaluman a gurbin waɗannan, da wuya sakamakon ya juya.

Sai dai wannan lissafi yana tsayawa ne kawai idan wutar tana zuwa. Tun 2020 aka ɗaure farashi da awanni: rukunin A aƙalla awa 20 a yini, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Wato tsadar da kake biya alkawari ka saya da ita, kuma kana da haƙƙin bibiya. Umarnin NERC na Afrilun 2024 ya ce layin da ya kasa cika awanninsa kwana biyu a jere, dole kamfani ya fito ya bayyana dalili, in ya kai kwana bakwai a jere a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da wutar da ya samu. A nan ne 'yan kasuwa da yawa suke asara, suna ƙorafi da baki, ba takarda. Ka sayi littafi, ka sa yaron injin ya riƙa rubuta lokacin ɗaukewa da lokacin dawowa, dare da rana, da lambar da mita ta nuna safe da yamma. In maƙwabtanka masu injina uku ko huɗu za su yi haka, ya fi ƙarfi. Ku kai ƙorafi a rubuce sashen ƙorafin kamfanin, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. In kwanakin aiki 15 suka wuce ba a warware ba, ku wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC a Kaduna. Abu ɗaya: matsalar taransifomar unguwarku daban, ta babban layin daban, don haka ku rubuta ko layin ne duka ya ɗauke ko ku kaɗai ne.

Me ya sa hukuma ta dage kan irin waɗannan sharuɗɗa? Wuta ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Abin da tashoshi suka samar a wannan daƙiƙa, a ita za a sha shi. Ma'aunin daidaiton shi ne bugun wutar, sau 50 a daƙiƙa, kuma dokar babban layin ƙasa tana so ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25. In masu ja suka wuce abin da aka samar, bugun ya faɗi. In kamfanonin rarrabawa suka ƙi karɓar kasonsu don gudun unguwannin da ba sa biya, ya hau. Kowanne ya yi nisa, injinan tashoshi su kashe kansu don kada su lalace, ƙasa ta shiga duhu. Indiya ta magance yawancin wannan tun wajajen 2002 da farashi: wanda ya ja fiye da abin da ya yi alkawari lokacin da bugun ya yi ƙasa, da tsada zai biya rarar. A ganinmu hanyar da ta dace ke nan, domin gargaɗi bai taɓa gyara kamfani ba sai abin ya taɓa aljihunsa.

Batun maƙwabta kuwa, gaskiya ne Najeriya tana sayar wa Nijar da Benin da Togo wuta, ƙarƙashin tsarin haɗakar wuta na Afirka ta Yamma da ECOWAS ta kafa a 1999, mai hedikwata a Kwatano. Dalilin da hukumomi suka daɗe suna bayarwa game da Nijar shi ne kogin Kwara: ta can yake biyowa kafin ya iso madatsun samar da wuta na Kainji da Jebba, ana ba ta wuta don kada ta datse shi. Amma kason ba shi da yawa, a Mayun 2024 ma NERC ta ƙayyade shi kada ya wuce kashi 6 cikin ɗari na wutar babban layin ƙasa, na tsawon wata shida. Ka kuma tuna an yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023 bayan juyin mulki har farkon 2024, wutar gida ba ta wadata ba. Abin da ya ɗaga farashinka shi ne janye tallafi daga rukunin A, da faɗuwar naira, tunda iskar gas da yawancin tashoshinmu ke ƙonawa da dala ake mata farashi. Ciniki da maƙwabta, in suna biya a kan kari, riba ce, kuma layin da ya fita da wuta zai iya shigo da ita wata rana.

Janaretan ka ajiye shi da lafiyarsa, kana tayar da shi duk mako. A Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, wanda ya sayar da nasa ya ji a jikinsa. A cikin injin kuma ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura maka na'urar da ke kashe moto idan ɗaya daga cikin layuka ukun da ke shigo wa injin da wuta ya ɗauke ko wuta ta zo ba ƙarfi, don abin da ya fi ƙona koyil ke nan, kuma kuɗinta bai kai na sake naɗin koyil sau ɗaya ba. Kada a tayar da motoci lokaci guda, babba tukuna, sai ya daidaita a bi da ƙananan. Bel da ya saki da boris da ya bushe suna shan yunit a banza. Sola kuma ta fitilu da ofis da famfon ruwa ce a yanzu. Ɗora mata babban moto sai ka tara bayanan mita na aƙalla wata uku, ka san yunit nawa kake sha tsakanin tara na safe da huɗu na yamma, sannan a yi maka kiyasi a kan wannan adadin.