Kun Tambaya: Keken Guragu da Fom ɗin Tallafi

Ƙanena ɗan shekara 27 ya yi haɗarin babur, ƙafafunsa sun shanye. Na ga keken guragu na hannu da araha, in saya? — Wata 'yar'uwa, Gusau

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki. Kafin ciniki, a yi awo. A zaunar da shi a auna faɗin ƙugunsa, kada kujerar ta fi haka da sama da yatsa biyu, in ba haka ba zai riƙa karkacewa. Ki guji irin na asibiti mai ƙananan tayoyi huɗu, ba ya jure yashi, kuma ba zai iya tura kansa ba. Ki duba walda, birki da boris. Kada ki yi rowar matashin zama mai kauri, domin wanda ba ya jin mazaunansa gyambo kan ci shi bai sani ba. In da hali, likitan gashin ƙashi ya gan shi tukuna, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala.

An ce in biya naira 5,000 a sa sunana a tallafin nakasassu. — Wani makaho, Zariya

Kada ka ba da ko sisi, Malam. Shiga rajistar marasa galihu ta ƙasa kyauta ce, ta hannun jami'an jiha ake yi, ba a WhatsApp ba. Mutanen nan sun mai da nakasassu saniyar tatsa: yau kuɗin fom, gobe na tantancewa, jibi su nemi BVN da lambar da banki ya turo, sai asusu ya koma wayam. Kuma a daina ruɗar mutane da cewa doka ta yanka wa nakasassu albashi. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ba ta yanka wa kowa albashin wata-wata ba. Abin da ta tanada shi ne aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, da tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya. Hukumar nakasassu ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020, can ake kai ƙorafi. Wanda kuma ya nakasa a bakin aiki, ya bi diyyarsa a NSITF, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa.

Zan iya sayar da keken da aka raba mana in sayi waya? — Daga Azare

Wayar ce za ta kai ka kasuwa?