Ku Tambaya Mu Amsa: Jan abin shan Beljiyam mai kama da zobo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne a garin Gent na ƙasar Beljiyam, akwai wani abin sha ja wur da ƴan ajinmu suke yawan saya idan mun fita cin abinci, suna ce mishi kriek, wallahi idan ka ganshi a kofi sai ka rantse zobo ne, kuma har ƙamshin ƴaƴan itace yake. Wata ƴar ajinmu ta ce min wai kusan lemo ne kawai, tsami da zaƙi ne babu wani ƙarfi a ciki. Ni dai ban sha ba amma zuciyata ta kasa natsuwa, dan Allah mene ne shi takamaimai? Daga ƙaninka a Gent.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka kai baki. Giya ce. Kriek sunan wani ɗan itace ne ja mai tsami mai ƙwallo a ciki, irin ceri ɗin da ba a cika cinsa haka nan ba, shi ake jiƙawa cikin giya har tayi ja.

Asalin giyar da ake zuba shi ciki sunanta lambic, kuma ba ko'ina ake yinta ba, gidanta shi ne birnin Burusel da ƙauyukan da ke kudu maso yamma da shi, yankin da ake kira Pajottenland a kwarin kogin Zenne. Ana dafa tsiron sha'ir da ɗanyar alkama, alkamar takan kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100, a sa tsohon furen hof, wato furen da ke ba giya ɗaci, wanda ya daɗe a ajiye har ɗacinsa ya ragu, sai a juye ruwan da zafinsa cikin wani faffaɗan faranti mara zurfi a saman gini a bar shi ya kwana a buɗe iska na kaɗa shi. Ba sa zuba yis na kamfani, ƙwayoyin da ke cikin iska da jikin katakon gidan su ke faɗawa ciki, shi ya sa ma sai lokacin sanyi suke yi, kamar daga Oktoba zuwa Afrilu, dan idan da zafi ƙwayoyin banza ne zasu riga shiga su lalata komai. Daga nan sai gangunan katako, shekara 1 har zuwa 3.

Tsamin da kake jin labari daga nan yake fitowa. Ƙwayoyin Lactobacillus da Pediococcus suna cin sukari su mayar da shi tsami, dangin waɗanda suke kwantar da madara ta zama nono kenan. Amma kafin su da bayan su akwai yis da yake mayar da sukarin barasa, har da wani mai jinkirin aiki da aka raɗa wa suna daga birnin, Brettanomyces bruxellensis. Toh idan aka zuba ceri ko rasberi a gangar, sukarin ɗan itacen ma ba tsira yake ba, yis ɗin ya sake tashi ya cinye shi, kaga kenan ɗan itacen bai kashe barasar ba, launi da ƙamshi ya bayar sannan ya ƙara wa yis abinci.

Abin da nake so ka riƙe shi ne harshe baya iya auna ƙarfin waɗannan abubuwan, kuma nan ne mutane suke ruɗuwa har da waɗanda suka saba sha. Giya ta yau da kullum tana da ɗaci da wari da ke sanar da kai me ka kurɓa, wannan kuwa tsami ya danne, ƙamshin ɗan itace ya danne, wasu kamfanonin ma su ƙara sukari. Akwai masu sauƙi irin Lindemans Kriek mai barasa kashi 3.5 cikin 100, wataƙila ita ƴar ajin naku take nufi, kuma ko ita ɗin giya ce. Waɗanda aka rubuta wa Oude Kriek, ma'ana an bi tsohuwar hanya kuma Tarayyar Turai ta kare sunan, sukan kai kashi 5 zuwa 7. Sai masu ƙarfi sosai, Kriek Mariage Parfait ta kamfanin Boon da ke Lembeek kashi 8 ce kuma giram 400 na ceri ake sawa a kowace lita, Kasteel Rouge ma mai ƙarfi ce ga zaƙi kamar me, a Amurka kuma kamfanin Russian River na jihar Kalifoniya yana yin wata Consecration mai kashi 10. Yi lissafin da kanka, kwalba mai santilita 33 a kashi 8 tana ɗauke da wajen mililita 26 na zallar barasa, ƙaramin kofin giyar gama-gari mai santilita 25 a kashi 5 kuwa 12.5 ne, wato kwalba ɗaya ta wuce kofi biyu, mutum yana ta sha yana cewa ai lemo ne.

Saboda haka juya kwalbar ka duba. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta duk abin sha da ya haura kashi 1.2 a rubuta ƙarfinsa a jiki, zaka ga lamba da alamar % vol kusa da ita. Sannan a Beljiyam wanda aka ce babu barasa yana iya ɗauke da har kashi 0.5, ya bambanta da wanda aka rubuta 0,0. Ta fuskar addini kuwa hadisin sananne ne, duk abin da mai yawansa yake sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Idan an fita ka nemi ruwan tuffa ko lemon kwalba, kuma ka faɗa wa abokan naka dalili kai tsaye ba tare da kunya ba, akwai musulmi da yawa a ƙasar sun saba jin haka.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ina ganin bidiyon turawa a YouTube suna ɗanɗana irin wannan giyar mai tsami suna shinshinawa suna ba da maki, har naji wani yana yabonta wai tana warin doki. Abin ya ɗaure min kai, abin da ya lalace ne suke yabo ko me? Daga ƴar uwarka a Kumasi.

AMSA: Ƴar uwa bai lalace ba, da gangan ake neman wannan warin, kuma Brettanomyces ɗin da na ambata a sama shi ke kawo shi, suna kwatanta shi da bargon doki ko garke ko tsohuwar fata. A yawancin giya idan aka ji shi an yi asara, a lambic kuwa idan babu shi sai su ce ba ta nuna ba.

Masu ba da makin suna da tsarinsu, zasu duba launi da kumfa, su shinshina, su kurɓa, su lura da nauyinta a baki da abin da ya saura a maƙogwaro, sai su rubuta a shafukan intanet irin Untappd da BeerAdvocate. Babban abin da suke rarrabewa shi ne irin tsamin. Akwai mai laushi na ƙwayoyin madara, akwai mai kaifi irin na binega wanda kaɗan ake so, shi ake ɗan ji a jar giyar Rodenbach ta garin Roeselare, gidan da aka kafa tun 1821 da yake tsufar da ita cikin manya manyan randunan katako sannan a gauraya tsohuwa da sabuwa. Idan kaifin yayi yawa ko tana warin abin goge farce sai maki ya faɗi. Suna kuma duba ko ɗan itace na gaske aka sa ko ruwan sukari mai ɗanɗano, kuma a nan ni ina ganin suna da gaskiya, wanda ya jira shekaru da ganga ba ɗaya yake da wanda ya tsamar da ruwan cikin tukunya a kwana biyu ya zuba kala ba. Gauraya ɗin ma sana'a ce mai zaman kanta, gidaje irin Cantillon da aka buɗe a Anderlecht a 1900 da 3 Fonteinen na Beersel da ita suka yi suna, mai gaurayar yana bin ganguna ɗaya bayan ɗaya yana zaɓen wacce zata dace da wacce. A 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin gadon al'adun duniya.

Inda nake da ja da su shi ne yadda suke yabon mai kashi 9 ko 10 da cewa ba a jin ƙarfinta sam, wannan da suke kira yabo shi ne ainihin haɗarin, musamman ga matashin da ya gani a waya yana zaton wani tsadadden lemo ne.

TAMBAYA: Malam wannan ba burkutu ce kawai ta turawa ba? Daga wani makaranci a Jos.

AMSA: Akwai dangantaka ɗan uwa, burkutu da fito na arewacin Gana su ma hatsi ne da ƙwayoyin tsami da yis suka yi aiki a kai, shi ya sa suke da tsami. Bambancin, waɗannan da dawa ake yi, ba a sa hof, kuma cikin ƴan kwanaki ake shanye su tun suna tsima dan basa ajiyuwa, ita kuwa lambic sai ta shekara a ganga sannan ta ƙara wasu shekarun a kwalba. Wani bambancin kuma ta kwalba an rubuta ƙarfinta, ta ƙwarya babu wanda ya auna, tukunyar yau daban ta gobe daban.