Shin hujjar Faransawa a Yaƙin Shekara Ɗari ta dace da hukuncin gado na Musulunci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin tarihi ne. Mun karanta cewa Faransawa sun hana Sarkin Ingila Edward na Uku sarautarsu don ta wajen uwa ya danganta da gidan. Wani abokina ya ce ai haka Shari'a ma ta ce, ɗan 'yar'uwa ba ya gado. Ya halatta in rubuta haka a jarrabawa ko in koyar da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, karatun tarihin wasu al'ummu halal ne, Alƙur'ani ma ya umarce mu da duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Amma maganar abokinka, ɗana, kada ka rubuta ta, domin ta jingina wa Shari'a abin da ba ta faɗa ba.

Sarkin Faransa Charles na Huɗu ya rasu a 1328, ya bar 'ya mace da mata mai ciki. Aka jira haihuwa, sai ta haifi mace. Manyan ƙasa suka naɗa Filib na Shida, ɗan baffan mamacin, suka tsallake Edward, ɗan Isabella, 'yar'uwar mamacin uwa ɗaya uba ɗaya.

Gaskiya ne a fiƙihu ɗan 'yar'uwa yana cikin zawul arham, wato dangin da ba su da ƙayyadadden rabo kuma ba sa kwashe ragowa, ɗan baffa kuwa asaba ne, wato mai kwashe ragowar gado, yana gaba da shi. Sai dai abokinka ya manta Isabella tana raye a lokacin. Da dukiyar Musulmi ce aka zo rabawa, matar za ta ɗauki tumuni, 'ya'ya mata biyu su ɗauki sulusi biyu, 'yar'uwa shaƙiƙiya ta kwashe ragowar, domin tana zama asaba idan tana tare da 'ya'ya mata. Dalili shi ne hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Bukhari, inda Annabi (SAW) ya ba 'yar'uwa abin da ya rage bayan rabon 'ya da jikanya. Ka ga ke nan ɗan baffa ko anini ba zai samu ba. Dokar Faransawan da ta rufe wa mace ƙofa gaba ɗaya ta yi hannun riga da aya ta 7 ta Suratun Nisa'i.

Mafi girman kuskuren kuma shi ne ɗaukar sarauta kamar gona ko garken shanu. Mulki amana ce a kan jama'a, ba ya shiga cikin tarikar mamaci. Sayyidina Abubakar ba da gado ya zama halifa ba, da mubaya'a ya zama, alhali Abbas, baffan Annabi (SAW), yana raye.

Sannan ko ta fuskar tarihi, gado ba shi kaɗai ya hura wutar Yaƙin Shekara Ɗari ba. Edward da kansa ya je Amiens a 1329 ya yi wa Filib caffa a kan Gaskoni, yankin da sarakunan Ingila ke riƙe da shi a kudu maso yammacin Faransa a matsayin hakiman sarkin Faransa. Sarki a gidansa, bara a gidan wani: wannan ne tsohon mikin. Ga ƙawancen Faransa da Sikotland tun 1295, ga cinikin ulun Ingila da masaƙan Filandas, yankin da ke arewa da Faransa, ke dogara da shi. A 1337 Filib ya ayyana ƙwace Gaskoni, yaƙi ya ɓarke, sai a 1340 Edward ya fito fili ya kira kansa Sarkin Faransa. A ganina, da'awar gadon makami ce da ya zaro bayan an taɓa masa ƙasa. Aka yi ta gwabzawa ana tsagaitawa har 1453, manoma na ɗanɗana kuɗarsu.

Saboda haka ka rubuta cewa Faransawa sun bi al'adar gidan sarautarsu, wadda suka soma aiki da ita a 1316 da suka tsallake 'yar Sarki Louis na Goma. Idan malaminka ya nemi kwatanci da Musulunci, ka kawo masa rabon nan da na lissafa maka. Allah ne Mafi sani.