Tambaya da Amsa: Atamfar Chaina, yaran shago da kuɗin citta

TAMBAYA: Salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Kakuri ne, babanmu ya yi shekara da shekaru yana aiki a masaƙa har aka rufe ya dawo gida ya zauna, toh ni kuma yanzu ina da shago a kasuwar Sheikh Gumi ina saida atamfa da leshi, yawanci kayan Chaina ne da muke sarowa a Kwari. Kullum tsohon sai yace min irin kayan nan ne suka kashe musu aiki, abun yana damuna wallahi. Sannan ina da yara biyu a shagon, kuɗin abinci da na mota nake basu kullum babu albashi, wani abokina yace wai zalunci ne. Ya kake gani?
Daga wani mai karatu, Kakuri

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, ka gaida min Baba. Maganarsa da ƙamshin gaskiya amma fa ba duka kenan ba. Tun 1957 zamanin Sardauna aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a nan Kakuri, daga baya su Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo, ana kawo auduga daga su Funtuwa da Gusau, in aka tashi aiki titi cika yake da kekuna, mai tuwo ta samu, mai gidan haya a Makera da Nasarawa ya samu. Ciwon ya fara tun kafin kayan Chaina su cika kasuwa. SAP ta 1986, wato shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, ta karya naira, kayan gyaran inji da sinadarin rini suka yi tsada, ga wuta babu sai janareto da baƙin mai, injinan kuma sun tsufa. Sai Najeriya ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 1995, ƙofa ta buɗe, 'yan fasa ƙwauri suna shigo da kaya ta Nijar da Kwatano har da masu kwaikwayon zanen namu. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Kaga duk wannan ba shagonka ya jawo ba, ko ka rufe yau masaƙa ba zata tashi gobe ba, matar da zata yi ankon biki ko mai haɗa lefe da kuɗi kaɗan gaba kawai zasu yi su saya a wurin maƙwabcinka.

Amma araha ba daga sama take faɗowa ba, wani ne yake biyan cikon da guminsa. A 2013 wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum sama da 1,100 suka mutu, akasarinsu masu ɗinka rigunan da ake kaiwa Turai da Amurka. Ba atamfa suke yi ba na sani, na kawo ne don ka gane tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce a hannunka.

A doka dai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma dokar bata hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, wato babu wanda zai zo ya kama ka. Sai dai mu a kasuwa ai muna da namu tsarin tun na kakanni, yaro ya yi wa maigida hidima, maigida ya ciyar da shi ya ɗinka masa kayan sallah, in ba lafiya ya kai shi asibiti, in shekaru sun cika ya yaye shi da jari, wani har aure yake masa. Abinda nake gani yanzu kuma shi yake bani haushi, iyayen gida da yawa sun riƙe rabin tsarin sun jefar da rabi, hidimar suna so amma maganar yaye sai shiru, yaro ya shekara takwas yana ɗaga turmi yana ninkewa ranar da ya tambaya a ce ya yi sata a kore shi. In haka kake shirin yi abokinka ya faɗi daidai. In ba haka bane toh ka zaunar da su gaban iyayensu da shugaban layinku, a faɗi shekara nawa, a faɗi jarin nawa, a rubuta, ka sa musu ɗan la'ada a kan kowane turmi da suka saida, kuma kuɗin motar nan ka sake dubawa don tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 abinda ke kai yaro Rigasa ya dawo ba shi bane na da. Sannan in kayan kwaikwayo ne ka gaya wa mai saye kwaikwayo ne, yadi shida kuma ya cika shida.

TAMBAYA: Malam mu manoman citta ne, dillalai suna saye da arha lokacin girbi, bayan wata uku sai mu ji ta ninka. Meye mafita?
Daga wata mai karatu, Kachiya

AMSA: 'Yar uwa sannunku, na san ciwon da ya cinye gonakin citta a 2023 bai gama sakinku ba, iri ma ya zama gwal. Dillali ba sihiri yake ba, wurin ajiya gare shi da kuɗin jira, ke kuma kuɗin makaranta na ƙwanƙwasa ƙofa. Ku tsaga ku shanya ta bushe sosai a kan tamfol ba a ƙasa ba, ku haɗu ku goma ko ashirin ku kama sito ɗaya, ku saida kashi ɗaya don biyan buƙata ku ajiye sauran. Kuma in da hali ku daina karɓar kuɗin taki a hannun mai saye tun damina, don nan ne yake yanke farashin tun citta tana cikin ƙasa.