Hilux ko Ranger don iyali da ɗan kaya?

Malam, ka ce kana neman a-kori-kura da za ta kai yara makaranta, ranar kasuwa kuma ta ɗauko buhunan masara, amma ka rasa zaɓi tsakanin Hilux da Ford Ranger. Ni dai Hilux zan ce, mai ƙofa huɗu da injin fetur lita 2.7. Kayan gyaranta ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka shiga za ka samu, kowane bakanike kuma ya san cikinta. Na Ranger sai an wahala.

Sai dai bayan Hilux don kaya aka yi shi. In babu nauyi tsalle take yi a gargada, 'yan kujerar baya su ji a ƙugu. Ɗauki uwargida da yara ku gwada ta kafin ka biya. Mai kuwa, tana sha.