Zauren Makaranta: Wa Ya Yanka Tsoho a Ɗakin da Aka Kulle ta Ciki?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Watan jiya na roƙe ku mu karanta littafin nan na Agatha Christie mai suna Hercule Poirot's Christmas wanda ya fito a Ingila cikin Disambar 1938, toh saƙonni kam sun shigo, wasu na yabo wasu kuma da fushinsu suka rubuto, har da wadda tace na ja mata kwana ba barci. Na zaɓo kaɗan zan amsa. Amma fa wanda bai gama karantawa ba ya tsaya nan ya je ya ƙarasa tukuna, don yau ba abin da zan rufe, har sunan wanda yayi kisan sai na faɗa.

A taƙaice dai, wani tsohon attajiri ne Simeon Lee da ya tara dukiya a harkar lu'ulu'u a Afirka ta Kudu, mugun mutum mai son mata da riƙo a zuci, ya tara ƴaƴansa maza huɗu a gidansa Gorston Hall wai a yi bikin Kirsimeti tare. Ranar jajibere ya kira su ɗakinsa, ya bari suna ji yana waya da lauyansa kan zai canza wasiyya, sannan ya wanke su tas har da uwarsu da ta rasu. Da dare sai aka ji rugugin faɗuwar kaya da wata ƙara mai firgitarwa daga sama, aka ruga aka tarar ƙofa a kulle, mukulli ta ciki, da aka ɓalle ta ga tsoho kwance an yanke masa maƙogwaro jini ko'ina, kuma ba kowa a ɗakin.

Tambaya: Anti wallahi ni dai an cuce ni. Tun farko ina zargin ƴaƴan gidan ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe kuma wai ɗan sandan da ke binciken ne ya kashe shi? Ai wannan ha'inci ne, ta ina mutum zai gano? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata na ji zafinki kuma ba ke kaɗai bace, saƙo irin naki shi yafi yawa. Har ma kina da abin kafa hujja, don a 1929 wani limamin coci marubuci Ronald Knox ya fitar da dokoki 10 na rubuta labarin bincike, ɗaya daga ciki tace mai binciken ba zai zama shi ne mai laifin ba. Sai dai mai binciken wannan labari Poirot ne, Sufuritanda Sugden ɗan sandan yankin ne kawai, kuma ni a wurina tambayar da ta fi ita ce shin an ɓoye mana wani abu? Ki koma ki duba, wallahi ba a ɓoye ba.

Da bakinsa tsohon ya faɗa wa ƴaƴansa cewa yana da yaƙinin akwai ƴaƴan da ya haifa a waje da suka fi su zama maza. Tsohon baran gidan Tressilian ya yi ta ƙorafin cewa duk ya buɗe ƙofa sai yaji kamar abin ya taɓa faruwa, mu muka ɗauka tsufa ne da raunin ido, ashe fuska ɗaya yake ta buɗe wa ƙofa sau uku, Harry ɗan gidan, da baƙon nan Stephen da yazo daga Afirka ta Kudu, da Sugden. Duka ukun suna shafa haɓa da yatsa in suna tunani, suna jefa kai baya in suna dariya, irin na tsohon sak. Pilar ma, yarinyar da ta zo gidan a matsayin jikar tsohon, ai ta faɗa a gaban mutane cewa kakan nata da ƙuruciya kyakkyawa ne kamar Sugden, aka ɗauka surutun yarinya ne. Shi ya sa Poirot ya sayo gashin baki na ƙarya ya ɗora a kan hoton tsohon na samartaka, fuskar ɗan sandan ta fito.

Abin da ya rufe mana ido kakin ne. Da an ce ɗan sanda sai mu cire shi daga lissafi ba mu ƙara kallon fuskarsa. Kuma ni abin ya taɓa ni ne saboda mu ɗin nan mun fi kowa iya kamanni, tsohuwa a gidan suna za ta kalli jariri ɗan kwana bakwai tace wannan kunnen na kakansa ne, amma gashi an jera mana ɗa da uba shafi bayan shafi mun kasa gani. Ki sake karantawa karo na biyu ki gani, ya fi na farko daɗi.

Tambaya: Malama, don Allah ki warware mana yadda aka yi da ɗakin nan, na karanta bayanin sau biyu turancin ya min nauyi. In mukulli na ciki ta ina ya fita? Kuma ai yana waje lokacin da aka ji ihun. Daga wani malamin firamare a Maraɗi.

Amsa: Malam sannu da ƙoƙari. Maganar mukulli ita ce mafi sauƙi, bakin mukullin yana ɗan leƙowa ta ramin ƙofar, sai aka kama shi da filaya daga waje aka murɗa, an ma ga kartar da ta bari a jikinsa tun farkon bincike. Wato marubuciyar bata ma tsaya jan rai a kan ƙofar ba. Inda wayon yake shi ne lokaci.

Sugden ya zo gidan da farkon dare da sunan karɓar taimakon marayun ƴan sanda, ya hau wurin tsohon, a lokacin ya kashe shi ba wanda ya ji. Ya zo da jinin dabba da aka zuba wa sinadarin da ke hana jini daskarewa, ya watsa ko'ina don a ga kamar yanzu aka yi, ga wuta na ci sosai a murhun ɗakin gawa bata yi saurin sanyi ba. Sai ya tara kujeru da tebura da kayan tangaran a kan juna ya zagaye da igiya, ya zura bakinta ta tagar nan da ke ɗan buɗe kaɗan wadda mutum ba zai iya bi ba. Ya fita ta ƙofar gida baran gidan na gani. Daga baya ya zagayo ta waje ya ja igiyar, kaya suka rushe, ihun kuma na wata balan-balan ce ta wasan yara da ke kuka kamar ana yanka alade in an cire mata toshiya. Guntun robar da ɗan katakon da Pilar ta tsinta a ƙasa ya yi wuf ya karɓe, ragowarta ne. Amfanin kulle ƙofar shi ne kada wani ya shiga ya ga gawa kafin lokacin da ya shirya.

Gaskiya akwai wanda ya rubuto yace balan-balan ɗin ta yi masa wasan yara da yawa, kuma ban ce bashi da gaskiya ba, nan ne ɗinkin labarin yafi rauni a ganina. In irin wannan dabarar kake so zalla Malam, ka nemi The Hollow Man na John Dickson Carr na 1935, akwai babi guda da aka zauna aka zayyana hanyoyin da ake bi a yi kisa a kullallen ɗaki. Salon kansa ana danganta farkonsa da wani gajeren labarin Edgar Allan Poe na Amurka a 1841.

Tambaya: Ƴata, ni abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda uba zai ɗaga waya kawai ya ce zai canza rabon gado, manyan mutane har da ɗan majalisa duk jikinsu na rawa. Haka ake yi a can ko ƙirƙira ce? Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: Hajiya barka da war haka, Allah ya ƙara lafiya. Ba ƙirƙira bace. A dokar Ingila ta wancan zamani mutum na da ikon rubuta dukiyarsa duka ga wanda ya ga dama, ko ya hana ɗan cikinsa ko sisi. A shekarar da littafin ya fito ma, 1938, majalisarsu ta yi dokar da ta ba matar mamaci da wasu daga cikin ƴaƴansa damar zuwa kotu neman abin ciyarwa in an hana su, amma ɗa namiji baligi mai lafiya baya ciki. Toh kin ga ƴaƴan Simeon duk manya ne, rayuwarsu na hannunsa. Alfred ya ƙare ƙuruciyarsa yana masa biyayya a gida, George ɗan majalisar da kuɗin da uban ke ba shi yake riƙe da kansa ga amarya mai kashe kuɗi, ranar nan kuma aka ce za a rage.

A wurinmu da Musulunci ya yanka wa kowa rabonsa, wasiyya bata wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji, wannan barazanar ta waya ba za ta yi aiki haka ba, shi ya sa ta zo miki baƙuwa. Amma Hajiya kin fi ni sani, uban da ke son juya ƴaƴansa da dukiya baya rasa hanya tun yana raye, wannan a ba shi jari wancan a hana, ɗakin wance a fifita na wance a manta. Ni abin da yafi tsaya min a rai a littafin ba kisan bane, David ne, ɗan da ya bar gida shekara 20 saboda baƙin cikin da yaga uban ya cusa wa mahaifiyarsa har ta mutu, ya dawo babban mutum amma in ya ga kujerar da take zama sai ya koma yaro. Matarsa Hilda na ta fama da shi ya bar abin da ya wuce ya kasa. Na san gidaje irin wannan, ke ma na tabbata kin sani.

Tambaya: Anti jinin yayi yawa gaskiya, ni na san matar nan da guba a shayi ba yanka ba. Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi.

Amsa: Da gangan ta yi ɗan'uwa. A shafin sadaukarwa ta rubuta wa mijin yayarta James cewa ya yi ƙorafin kashe-kashen littattafanta sun cika tsafta, yana son wanda jini zai kwarara, toh ga nasa. Kuma ka lura yawan jinin kansa alama ce, Poirot ya tsaya a kai, ta yaya tsoho ramamme mai tafiya da sanda zai zubar da jini haka har ya yi kokawar da za ta kifar da manyan kujeru?

Tambaya: Anti ni fa tausayin Sugden naji, ƙawayena a gurup suna ta min faɗa wai ina goyon bayan mai kisa. Uban ya lalata rayuwar uwarsa ya watsar da su, shi ba mutum bane? Laifi ne in ji haka? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Gusau.

Amsa: Ƴar'uwa ba laifi kika yi ba, kuma ki gaya wa ƙawayen naki tausayi daban goyon baya daban. Kisa kisa ne, balle yankan uba, kuma kar ki manta bai tsaya kan tsohon ba, da ya ga Pilar ta kusa gano shi sai ya ɗana mata ƙaton dutse a saman ƙofa, Allah ne ya kiyaye ta. Ya kuma jefa lu'ulu'un da ya ɗauke daga ɗakin tsohon a ɗan lambun Lydia matar Alfred don zargi ya faɗa kan mutanen gidan da basu ji ba basu gani ba. Wanda ya yi haka ya wuce mai neman hakkin uwarsa.

Amma tambayarki tana da nauyi. Simeon yana alfahari cewa duk matar da ya yi hulɗa da ita ya sallame ta da kuɗi, a ganinsa magana ta ƙare kenan. Yaron da aka haifa fa? Ya tashi a yanki ɗaya da gidan ubansa, yana wucewa ta ƙofar yana ganin waɗanda aka ba suna, shi ba wanda ya san da shi. Kuma abin da ya gada daga uban shi ne dai halin nan na haƙurin jira shekara da shekaru kafin a rama, wanda tsohon da kansa yake taƙama da shi a gaban Pilar. Ki kuma dubi Stephen, shi ma ɗan waje ne, shi ma da sunan aro ya shigo gidan don ya ga mutumin da ya haife shi, amma bai ɗauki wuƙa ba, ƙarshe ma aure ya samu ya koma Afirka ta Kudu da yarinyar da ta zo da sunan Pilar, wadda ita ma ashe ba jikar gidan bace, ainihin Pilar ta mutu a harin bam a yaƙin basasar Sifen ita kuma ta ɗauki fasfonta. Inda na so marubuciyar ta ƙara shi ne uwar Sugden, ko sunanta ba mu ji ba, ba mu san yadda ta rayu ba, da an ba ta ko shafi biyu da tausayin nan naki ya samu wurin zama sosai.

Akwai saƙonni da dama kan ko za a samu fassarar littafin da Hausa, da masu tambayar wane za mu ɗauka gaba. Ku turo zaɓinku kafin ƙarshen wata, wanda yafi samun ƙuri'a shi za mu karanta in Allah ya kai mu.