Amsa: Shin annoba tana taɓa zuciyar wanda cutar ba ta kama ba?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko annoba kan taɓa hankali da zamantakewar mutanen da ba su kamu ba, da kuma abin da unguwa za ta iya yi. Tana taɓawa ƙwarai, kuma Kano ta 2020 ta ishe mu misali.

Ranar 11 ga Afrilu aka samu mai korona na farko a Kano, daren 16 ga watan aka rufe gari, azumi ya riski mutane a kulle. Mai shago a Kantin Kwari yana da ɗan abin lallaɓawa. Ɗan dako da mai adaidaita sahu da mai ƙosai kuwa, waɗanda sai sun fita ake ɗora tukunya, kwana uku ya isa ya durƙusar da su. Magidanci na zaune a ɗaki, yara sun zuba masa ido, babu kuɗin cefane. Daga nan tsawa da duka da saki ke tasowa. Mafi yawan damuwar kulle, yunwa da bashi ne saiwarta.

Abin da ya fi ciwo a ganina shi ne makoki. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma ana zaton rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Mu dai an san mu da kwana uku na zaman makoki: a cika zaure, maƙwabta su kawo abinci, mai takaba ba a barinta ita kaɗai. Wannan taron shi ke rage wa mutum nauyin rashi. Da aka hana shi, baƙin ciki ya rasa mafita, ya koma ciki. Sai ka ga gwauruwa ta gama wata huɗu da kwana goma, shekara ta zagayo, amma har yanzu ba ta zuwa biki ko suna.

Ga kuma tsangwama. Mutane sun riƙa ɓoye zazzaɓi don kada a ce gidan masu korona ne, almajirai kuma aka yi ta lodinsu a mota daga jiha zuwa jiha tamkar su ne cutar.

To, me za a duba? Idan mutum ya yi sati biyu cur ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa ko yana farkawa tun kafin asuba ya kasa komawa, ba ya cin abinci, yana ramewa, ya daina fita jam'i, wannan ya wuce a ce masa ya yi haƙuri kawai. Da yawa ba za su ce suna cikin damuwa ba, sai dai "kaina na ciwo" ko "ƙirjina ya yi nauyi", a yi ta sayen maganin maleriya a kemis. Idan ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa ra'ayin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Addu'a da magani ba sa cin karo. Don Allah kada a saya masa ƙwayar barci ko tiramol, sabo ake yi da su.

Unguwa kuwa, tun kafin wata annobar ta zo, mai unguwa da liman su rubuta gidajen tsofaffi da marayu da masu ciwon suga ko hawan jini. Kowane gida a ɗora shi a wuyan mutum guda da zai riƙa kira a waya kullum, ko ya yi sallama daga ƙofar gida. Tallafin hatsi a kai shi bayan magariba, gida gida, ba a layi ba, domin mai mutunci ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi riƙe da kwano.